Adalci Wajen Bin Sawun Annoba: Darasi Daga Ƙasar Zamfara

Abin da ake nufi da bin sawun annoba shi ne ma'aikatan lafiya su gano wanda ya kamu, sa'an nan su nemo waɗanda suka yi cuɗanya da shi. Wannan aiki bai yiwuwa sai maigida ya buɗe ƙofarsa, ya kuma ambaci sunayen 'yan'uwansa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa jama'a ba su yin haka sai sun ga alamun adalci.

Dabarar ta yi suna ne a yaƙin da aka yi da agana. A watan Disamba 1966, allura ta yi ƙaranci a yankin Ogoja, sai likita William Foege ya sa aka nemo ƙauyukan da cutar ta ɓulla, aka yi wa iyalan majinyata da maƙwabtansu lamba. Hikimar ita ce duk wanda aka bi sawunsa ya sami kariya nan take. A 1970 aka ga agana ta ƙarshe a Nijeriya.

Amma yarda tana iya rushewa. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara kimanin 200 a Kano, iyaye suka kai ƙara cewa ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba. Wannan tabo na cikin dalilan da suka ƙarfafa zargi sa'ad da Kano da Zamfara suka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003.

A ƙarshen 2016 sanƙarau ya ɓulla a Zurmi, ya bazu cikin Zamfara da maƙwabtanta, har aka rasa rayuka fiye da 1,100 a ƙasa baki ɗaya. Nau'in C ne, alhali rigakafin da aka yi a baya na nau'in A ne, allurar kuma ba ta wadata ba. Nan tambayar adalci ta taso: wa za a fara yi wa? Idan ƙidayar asibiti kaɗai aka bi, mazaunin Gusau zai riga manomin Rawayya ko na ƙauyukan Tsafe, domin wanda ya rasu a gida bai shiga littafi ba.

A watan Afrilu 2017, Gwamna Abdul'aziz Yari ya danganta annobar da saɓon Allah, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi masa raddi a fili. Illar irin wannan magana ga bin sawu a bayyane take: idan ciwo ya zama abin kunya, uba zai ɓoye ɗansa.

Saboda haka, tarihin nan ya nuna sharuɗɗa uku: a asirta sunan majinyaci, a zo da magani tare da tambaya, a kuma isa ƙauye kamar yadda ake isa birni. Inda aka tauye ɗaya, jama'a za su yi shiru, annoba kuwa ta ci gaba da tafiya.