Kalmar "Zuciya" a Tarihin Fassarar Littafi Mai Tsarki

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun kalma guda wadda fahimtar Kirista game da yanke shawara ta rataya a kanta. A Ibrananci, "leb" mazaunin tunani ce da nufi, ba shauƙi kaɗai ba; ita Sulemanu ya roƙa domin ya iya shari'a. Da aka soma juya Attaura zuwa Girkanci a Iskandariya, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, sai "kardia" ta gaji wannan ma'ana.

Matsalar ta iso Hausa ta hannun Schön, wanda ya fitar da Linjilar Matiyu a 1857, da kuma Dokta Miller, jagoran cikakkiyar fassarar 1932. Bahaushe ya rarraba abin da "leb" ta haɗa: murna da ɓacin rai ya kai su ciki, watau farin ciki da baƙin ciki, tunani ya ba hankali, fushi kuwa ya bar wa zuciya, shi ya sa ake cewa wane ya yi zuciya. Saboda haka mai karatu na iya ɗaukar shauƙi inda nassi yake nufin shawara. Wajibi ne mai sharhi ya kiyaye wannan bambanci.