Masu Hoton Malanville da Yaƙinsu da Haske

A tsofaffin gidajen Malanville, idan aka zaro maka jakar hotuna daga ƙasan akwati, da wuya ka rasa ɗaya ko biyu masu jan zane a gefe. Wani ya cinye kafaɗar amarya, wani ya shafe fuskar wanda ya tsaya a ƙarshen sahu. Mutane kan ce tsufa ne, amma haka hoton ya fito tun ranar da aka wanke shi, domin haske ya sami kafa ya kutsa cikin kyamarar ta inda ba a buɗe masa ba. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai hoto ne a bakin kasuwa, kuma rabin aikin da na taso ina ganinsa yana yi toshe irin waɗannan kafofi ne.

Iyaka ce ta haifi wannan sana'a a garinmu. Dendawa Tassi suke kiran wurin kafin Turawan Faransa su laƙaba masa sunan Henri Malan, ɗaya daga cikin gwamnonin Dahomey. A 1958 aka gama gadar da ta haɗa mu da Gaya a kan kogin Kwara, kayan Nijar suka riƙa tasowa daga Kwatano a jirgin ƙasa zuwa Paraku, manyan motoci su kwaso su su ratsa ta nan zuwa Yamai. Da aka sami ƴancin kai a 1960, tsallaken kogi ya zama wata ƙasa, kowa kuma ya zama mai neman takarda. Direba yana son lasisi, ɗan kasuwa yana son katin shaida, maniyyaci yana son fasfo, ɗan lakwal yana son takardar jarrabawa, kuma ko wacce sai da ƙaramin hoto. Hoton biki da na Sallah daga baya suka bunƙasa. Abin da ya ciyar da gidan mai hoto tun farko shi ne wannan ɗan hoton da ake mannawa a buga masa hatimi.

Daga kudu sana'ar ta hauro. A Porto-Novo akwai Joseph Moïse Agbodjelou, wanda ya koyi hoto a rundunar sojan Faransa ya dawo ya buɗe shago. A Yamai Philippe Koudjina ya yi suna da hotunan samari da ƴammata a wuraren rawa. Amma waɗanda suka kai kyamara ƙananan garuruwan kan hanya galibinsu Yarbawa ne, sai ƴan Togo da Gana. Wani Bayarabe da ya zo ta Paraku shi ya koya wa Kawu, kuma har ya rasu bai taɓa ambatarsa ba sai ya ce "maigidana".

Kyamarar farko akwatin katako ce a kan ƙafa uku, kafinta ne ya haɗa ta, gilashin gaba kawai aka sayo. A cikinta ake ɗauka, a cikinta ake wankewa. Akwai ƙananan faranti biyu na magani a ciki, da hannun riga baƙi a gefe inda mai hoto yake zura hannunsa yana lalube. Babu fim, takardar hoto ake sa wa. Zai cire murfin gilashin, ya ƙirga a ransa, ya mayar. Hoton farko yakan fito a juye, baƙi ya zama fari, sai a kafa shi a wani ɗan allo gaban gilashin a sake ɗaukarsa, na biyun ya fito daidai. Kana zaune a benci za a miƙo maka shi da ɗanshinsa.

Katako kuwa ba ya zama lafiya a Malanville. Da damina ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsage, zafin watan Afrilu ya wuce digiri 40 ya narkar da gam. Duk tsagar da ta kai kaurin gashi ta isa ta dusar da takarda. Kawu da dare yake gwajinsa. Zai kunna tocila ya ajiye a cikin akwatin, ya rufe, ya kashe fitilar ɗaki, mu zauna har ido ya saba da duhu, sannan ya ce, "Ɗana, zagaya ka duba min." Duk inda na hango ɗigon haske in ɗora yatsa, ya yi alama da alli. Da safe ya dama baƙin tukunya da ƙaro ya cike tsagar, ya manna ƙyallen baƙin yadi daga ciki. Hannun rigar nan tela ne yake ninka masa shi biyu, bakinsa a ɗaure da robar tayar keke. Kyamarori masu naɗaɗɗen wuya, mai kama da zugazugin maƙeri, a kusurwoyin naɗin suke hujewa, kuma gwajin ɗaya ne. Babu abu ɗaya cikin kayan gyaran nan da ba a samu a kasuwar garin.

Bayan akwati sai Yashica mai ido biyu, mai ɗaukar hoto 12 a naɗi ɗaya, sai Zenit ta Tarayyar Sobiyet. Kawu ya sayi tasa hannun wani ɗalibi da ya dawo daga karatu a can zamanin Shugaba Kérékou.

Babbar wahala ta zo da kyamarorin Japan masu hoto 36, irin su Pentax K1000 da Canon AE-1, waɗanda duka a 1976 suka fito, mu kuma gwanjonsu ya iso mana. Kyamarori ne nagari, ban taɓa jin mai hoto ya raina gilashinsu ba. Sai dai a ramin da murfin baya yake shiga, inda tsofaffin kamfanoni suke sa zare ko karammiski, su siririn soso suka shimfiɗa. Soson nan zafi da ɗanshi suna ruɓar da shi ya koma baƙin danƙo, kuma daga waje ba abin da ido zai gani. A lokacin ne kuma hoto mai kala ya shigo, wanki ya bar hannun mai hoto ya koma injinan manyan birane. Fim ɗin biki a ambulan ake sa shi a ba direba ya kai Paraku, ko Kwatano mai tafiyar sama da kilomita 700, sai bayan kwanaki a dawo da shi. Mai akwati nan take yake ganin ɓarna ya sake ɗauka. Mai kala sai an watse, an kai amarya, baƙi sun tsallaka Gaya, sannan ya buɗe ambulan ya ga jan zane a kan hotuna 36. Na ga dattijo ya mayar da kuɗin mutane yana ba da haƙuri kansa a sunkuye, alhali hannunsa bai yi kuskure ba.

Dole ta sa suka koyi karanta ɓarnar. Idan zanen ja ne ko ruwan lemo, ta baya hasken ya shiga, ya ratsa bayan fim ɗin. Idan fari ne, a duba gaba. Idan a saman hoto yake, a nemi kafar a ƙasan kyamara, domin a kife hoto yake sauka a kan fim. Idan tsaye yake daga sama har ƙasa, gaɓar murfin ce. Gyaran kuma aikin haƙuri ne. A kankare danƙon da tsinken sakace, a goge da auduga da sifirit, a kiyaye kada ya taɓa madubi, sannan a tura baƙin zaren ulu cikin ramin da bakin tsinke. A gaɓar murfin Kawu ɗan karammiskin bakin gwangwanin fim yake yankowa ya manna. Har yau ina ganin zaren ulu ya fi soson kamfani, don rana ba ta narkar da shi.

A Bamako ma haka aka yi. Malick Sidibé, wanda aka ba babbar lambar yabo a Venis a 2007, da injinan kala suka janye masa jama'a, hoton katin shaida da gyaran kyamara ne suka riƙe shi, shagonsa na Bagadadji cike da kyamarori a kan kanta. Duniya hotunansa take yabo, kuma sun cancanta, amma duk ɗan gidan mai hoto ya san kantar nan ita ce sana'ar.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, fim da takarda da magani suka yi tashin gwauron zabo. Kyamarar dijital ta biyo baya, wayar hannu ta ƙarasa, har Kodak ta ayyana karyewa a 2012. Masu hoton da suka rage a garin yanzu kwamfuta da firinta suke aiki da su.

Abin da yake damuna shi ne nagatif. Suna nan a gwangwanayen madara da kwalaye a gidajen magada, cikin garin da kogi yake ambaliya, ɗanshi yana manne su, zafi yana nannaɗe su. A cikinsu akwai fuskokin direbobi, masunta, ƴan albasa da alhazai na gaɓa biyun kogin. Jama'a, wanda ya gaji irin wannan gwangwani kada ya zubar, kada ya ba yara wasa. A raba su a ambulan na takarda, a ɗaga su sama inda ruwa ba ya kaiwa, a zauna da tsofaffi su faɗi sunayen mutanen a rubuta tun suna da rai.