Daddawa Ba Ta Shiga Takarda Ba

'Yan uwana mata, akwai ƙasashen da za ki tarar kusan kowane yanki da mujallarsa ta abinci. Ba ruwanta da siyasa ko ƙwallo, aikinta kawai ta faɗa wa mutanen yankin abin da gonakinsu suka bayar, wa ya iya sarrafa shi, kuma ina ake samunsa. A Amurka akwai wata mai suna Edible da ta fara fita a 2002 a wani ƙaramin gari da ake kira Ojai, daga baya garuruwa da dama suka yi tasu. Manomi ya samu mai saye, mai girki ta samu suna. Mu kuwa nan ƙasar Kazaure, tun daga Achilafiya zuwa Roni da Gwiwa, har maƙwabtanmu na Ɓaɓura, mujallarmu ita ce bakin tsohuwa da gindin murhu. Shi ya sa na ce bari mu bi sawu mu ga yadda cimarmu ta riƙa shiga takarda, da kuma hannun da ya shigar da ita.

Waɗanda suka fara dai maza ne, wasunsu ma baƙi. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano ta hanyar Katsina a 1851, ya rubuta cewa ya ga fura da daddawa ana sayarwa a kasuwannin ƙasar Hausa. Bayansa sai Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Karachi ta ƙasar Gana a 1934, ya rubuta wa wani Bature da ajami yadda Hausawa ke noma da sana'a da irin abin da suke ci. A wannan shekarar ce kuma ƙamus ɗin Bargery ya fito, cike da sunayen tuwo da miya da ganyaye. To amma fa suna daban, hannu daban. Namijin da aka kai wa akushi zaure zai iya gaya miki miyar kuka ce, ba zai iya gaya miki lokacin da aka kaɗa kukar ba. Macen da aka ji muryarta sosai ita ce Baba ta Karo, wadda ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a 1949 zuwa 1950, har da sana'o'in mata na cikin gida. Shi ma da Turanci aka buga shi a 1954, ina kakata za ta gan shi?

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara a Zariya a 1939. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna jaridunsu, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, mu kuma Sodangi, domin a lokacin Kazaure tana cikin Lardin Kano, sai a 1991 aka yanko mana Jigawa. Wannan ita ce dama ta farko da yanki ya samu ya yi magana da kansa a takarda, sai dai labarun lardi aka sa a gaba, kuma yawancin matan karkara ba su fara karatun boko ba tukuna. A 1959 aka rufe hukumar.

Inda girki ya shiga takarda da hannun mata shi ne littattafanmu na hikaya. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suka buɗe hanya, sannan su Anti Bilki Funtuwa suka biyo, har ya zama yarinya tana karanta labari tana koyon zaman gidan miji. Ba na raina wannan aiki, ai ni ma a cikinsa nake ci. Amma ki ɗauko littattafan soyayya da yawa ki duba teburin da amarya ke shirya wa ango, soyayyiyar shinkafa ce da farfesun kaji da haɗin kabeji da lemo mai sanyi. Tuwon dawa kuwa sai in ana so a nuna gidan talaka ne, ko an kai yarinya ƙauye don horo. Wallahi wannan ya yi mana illa, domin mun koya wa 'yan mata cewa abin da ake ci a gidan ubansu abin kunya ne. Da mujallun Hausa suka bunƙasa kuma, Tauraruwa a 1998 da Fim a 1999, 'yan wasa suka sa a gaba. Jaridar Aminiya da ta zo a 2006 ta ba girke-girke fili, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta kawo shirin Akushi Da Rufi, yanzu kuma ga waya a hannun kowa. An samu ci gaba, ban musa ba, sai dai abin da ake aunawa da cokali da kofi shi ya fi saurin shiga, wato girkin birni.

Ki ɗauki daddawa kawai. Dunƙulen Maggi da aka fara yi a Turai a 1908 ya zo mana da takardarsa da tallarsa, kowace amarya ta san guda nawa za ta jefa a tukunya. Ita kuwa daddawa ba ta da mai yi mata talla sai warinta. Da bazara ake kaɗo ɗorawa, a sha garin, ɓawon a yi makuba da shi don daɓe, 'ya'yan kuma su ne kalwa. Kalwar nan sai ta wuni ta kwana a kan wuta kafin ta yi laushi, itacen da take ci kaɗai ya isa ya kori raguwa. Sannan a zuba a turmi a surfa da toka ko yashi, a wanke ta tas har ƙwayar ta rabu da ɓawo, a mayar da ita wuta da 'yar kanwa. Daga nan a juye a kwando ko masaki, a lulluɓe sosai ta yi kwana biyu zuwa uku a wuri mai ɗumi, kafin a kirɓa, a mulmula, a shanya. Wadda ba ta samu kalwa ba takan yi ta batso da 'ya'yan yakuwa, wasu kuma yanzu da waken suya suke yi.

Duk wannan da na zayyana rabin aikin ne. Sauran rabin yana hancin mai yi da yatsunta, ita ta san ƙanshin da ke cewa a buɗe, da yauƙin da ke cewa ta nuna. Da wannan sana'a mata da yawa a ƙauyukanmu suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, suka cika ƙwarya da daddawa aka kai gara. Yau ki leƙa kasuwar Kazaure ki dubi masu kasa ta a faifai, akasarinsu tsofaffi ne, jikokinsu kuma suna makaranta, sun iya rubutu, amma ba a ce da su rubuta wannan ba. Haka dambun rama da tubani da ɗanwaken da ake kwaɓawa da kuka da kanwa, ko a tsakanin Achilafiya da Ɓaɓura za ki ga hannu ya bambanta, wannan gida a fi sakin kanwa, wancan a fi sakin kuka, kuma kowace za ta rantse miki nata ne na asali.