Taki da ban ruwa: abin da ke sauka cikin rijiyarka

Mai karatu, idan kana noman rani a Tanda, cikin yankin Gaya na jihar Doso, ka san ruwa bai yi nisa da kai ba. A fadamun bakin kogin Isa, mita kaɗan ake haƙawa a tarar da shi. Wannan ni'ima ce take rayar da lambunan albasa, tumatir da kabeji, ga kuma kasuwannin Gaya, Malanbil da Kamba a kusa. Sai dai kusancin ruwan yana da nasa haɗari: abin da ka zuba a lambu ba ya daɗewa kafin ya kai gare shi.

Ga yadda abin yake faruwa. Takin yuriya da na 15-15-15 suna ɗauke da sinadarin naitirojin, wanda shi ne ke sa ganye ya yi kore. A cikin ƙasa yakan rikiɗe ya zama nitirat. Shi kuwa nitirat ba ya manne wa ƙasa, bin ruwa yake yi. Idan ka cika fangali da ruwa fiye da kima, musamman a ƙasa mai rairayi, ruwan zai wuce saiwa, ya tafi da takin. Saiwar albasa gajeriya ce ƙwarai. Abin da ya wuce ta ya tafi ke nan.

Tun da ido ba ya ganin wannan tafiya, masana suna yin kwatancen ta da lissafi a kwamfuta. Sukan ba ta bayanin irin ƙasa, zurfin ruwa, yawan ban ruwa, yawan taki da ranar zuba shi. Daga nan sai ta nuna yawan nitirat da zai sauka, da lokacin da zai isa rijiya. Ɗaya daga cikin sanannun manhajojin bin sawun ruwan ƙarƙashin ƙasa ita ce MODFLOW, wadda ta fito a Amurka a 1984. Amma kwamfuta ba boka ba ce: in an ba ta bayanin da ba daidai ba, amsar banza za ta bayar. Saboda haka idan malamin gona ya tambaye ka buhu nawa ka zuba, ka faɗa masa gaskiya.

Kai ma kana iya bin lissafin. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, wanda yake iya zama nitirat kimanin kilo 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada nitirat ya wuce miligiram 50 a kowace lita ta ruwan sha. To, mu ɗauka kashi ɗaya cikin huɗu ne ya zurare ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya kai lita 500,000 ga wannan iyaka, wato duro 2,500 masu lita 200. Kuɗinka ne kuma ya bi ruwa.

Jarirai ne suka fi shiga haɗari. Nitirat mai yawa yana hana jininsu ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, har leɓɓansu su yi shuɗi. Ruwan ba ya sake launi ko ƙamshi, kuma tafasa shi ba ta fitar da nitirat, sai ma ta ƙara masa ƙarfi. Nonon uwa zalla har wata 6 shi ne kariyarsu.

A lambu kuwa, ka raba takin kashi biyu ko uku maimakon zuba shi gaba ɗaya. Ka rufe shi da ƙasa, ka ba da ruwa daidai wanda zai jiƙa saiwa, kada ka bar injin ban ruwa yana zuba kai kana hira. Ka nisanta jujin taki, turken dabbobi da masai daga rijiyar sha, domin su ma nitirat suke zubarwa. Idan iyalinka suna sha daga rijiyar lambu, ku haɗa kai da maƙwabta ku nemi ma'aikatan ruwa na Gaya su auna ta, sau ɗaya da rani, sau ɗaya bayan damina.