Faifan The Ghost of Tom Joad na Bruce Springsteen a Ma'aunin Tarihi

1.0 Gabatarwa

A ranar 21 ga Nuwamba, 1995, kamfanin Columbia ya fitar da faifan waƙoƙi mai suna The Ghost of Tom Joad, watau Fatalwar Tom Joad, na mawaƙin nan na Amurka, Bruce Springsteen. A lokacin yana da shekara 46 da haihuwa, kuma wannan shi ne faifansa na 11 tun daga na farko da ya fito a 1973. Faifan bai yi kasuwa irin ta 'yan'uwansa ba, domin ya tsaya ne a matsayi na 11 a jerin ciniki na Billboard, alhali kuwa duk waɗanda suka gabace shi tun daga 1975 sun shiga sahun biyar na farko. Duk da haka, a 1997 ya sami lambar Grammy ta faifan waƙar gargajiya ta zamani. Wannan maƙala za ta bi diddigin faifan, ta duba yanayin da ya haife shi, sa'an nan ta auna darajarsa ta fuskar jigo da salo, musamman yadda ya ɗauki siyasa ba tare da ya ambaci jam'iyya ba.

2.0 Asalin Tom Joad

Tom Joad tauraro ne a littafin John Steinbeck mai suna The Grapes of Wrath, wanda aka buga a 1939. Littafin ya ba da labarin manoman Oklahoma waɗanda fari da guguwar ƙura da bashin banki suka raba su da gonakinsu a shekarun 1930, suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya cin-rani, inda suka tarar da ƙasƙanci da ƙwadago maras albarka. A 1940 John Ford ya mayar da littafin majigi, kuma a wannan shekara ce Woody Guthrie (1912-1967) ya taƙaita labarin a waƙarsa mai suna Tom Joad, cikin faifan Dust Bowl Ballads. Ke nan labarin ya ratsa ta rubutu, da majigi, da waƙar baka, kafin ya iso hannun Springsteen bayan shekara 55. Kalmar fatalwa da ke cikin sunan faifan tana nuni da cewa halin da aka ɗauka an binne shi tare da shekarun 1930 bai kwanta dama ba. Masu kwana ƙarƙashin gada da masu bin layin abincin sadaka suna nan, sai dai fuskoki da harsunansu sun sauya.

3.0 Mawaƙin da Zamaninsa

An haifi Springsteen a 1949, ya tashi a garin Freehold na jihar New Jersey, a gidan talakawa; mahaifinsa ya yi aikin masana'anta da tuƙin bas. Abin da ya fi muhimmanci ga fahimtar wannan faifai shi ne abin da ya sami waƙarsa Born in the U.S.A. ta 1984. Baitocinta kukan tsohon sojan Biyetnam ne wanda ya dawo gida bai sami aiki ba, amma ƙarfin ganga da amshin da ake rerawa da murya sama suka sa jama'a da dama suka ɗauke ta kirarin ƙasa. Har Shugaba Ronald Reagan ya ambaci sunan mawaƙin a yaƙin neman zaɓe a garin Hammonton cikin Satumba 1984. Kiɗa ya danne magana, ma'ana ta juya.

Shekarun da ya zauna a Kalifoniya sun zo daidai da wasu manyan al'amura. Yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Meziko ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1994. A Oktoba na wannan shekara gwamnatin Bill Clinton ta tsananta tsaron iyaka a yankin San Diego. A Nuwamba kuma masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da ƙuduri mai lamba 187, wanda ya nemi hana baƙin haure makarantun gwamnati da kulawar asibiti in ba ta gaggawa ba, kodayake kotun tarayya ta dakatar da shi. A cikin wannan yanayi ne aka tsara waƙoƙi 12 na faifan.

4.0 Jigogin Faifan

4.1 Mutuwar Masana'antu

Waƙar Youngstown ita ce ta fi kowace kusanci da rubutun tarihi. Ta faro daga 1803, lokacin da 'yan'uwa biyu, James da Daniel Heaton, suka sami tama a yankin, ta biyo ta kan yaƙe-yaƙen da ƙarfen garin ya ciyar da makamai, ta dire a kan rufe masana'antu. Abin da ke bayan waƙar tabbatacce ne: ranar 19 ga Satumba, 1977, kamfanin Youngstown Sheet and Tube ya sanar da rufe masana'antarsa ta Campbell, ma'aikata kusan 5,000 suka rasa abin yi. Garin da ke da mutane fiye da 160,000 a 1960 ya koma ƙasa da 100,000 a 1990. Mai magana a waƙar ma'aikaci ne da ya yi yaƙin Biyetnam, kamar yadda mahaifinsa ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yana kiran tanderun narka ƙarfe da sunan mace kamar mai kiran masoyiya. Wannan mutuntarwa tana da tushe, domin akwai tanderu a garin mai suna Jeannette, wanda aka rushe a 1997. Mawaƙin ya samo hasken wannan waƙa da ta The New Timer daga littafin Journey to Nowhere na Dale Maharidge da Michael Williamson, wanda ya fito a 1985.

4.2 Ƙaura da Iyaka

Waƙoƙi huɗu sun tsaya a kan iyakar Amurka da Meziko, kuma kowace ta kalli lamarin ta wata kusurwa dabam. Sinaloa Cowboys labarin wa da ƙane ne da suka bar aikin gonar 'ya'yan itace suka shiga dafa ƙwayar maye don kuɗinta ya fi tsoka, har ɗakin aikin ya yi bindiga, ɗayan ya binne ɗan'uwansa da hannunsa. Balboa Park ta bi rayuwar yaran da suka ƙetaro ba iyaye, suna sayar da ƙwaya da jikinsu a San Diego. The Line ta sa magana a bakin jami'in tsaron iyaka wanda so ya sa ya karya dokar da aka ɗauke shi ya tsare. Across the Border kuwa mafarkin mai shirin ƙetarawa ne a daren jajibiri. Da yake mai sauraro ya riga ya ji ƙarshen waɗanda suka riga shi, daɗin wannan waƙa ya zama abin tausayi.

4.3 Ƙabilanci da Haƙuri

Galveston Bay ta samo asali daga rikicin masunta 'yan gudun hijirar Biyetnam da masunta fararen fata a gaɓar Tekzas, wanda ya kai ga kisa a 1979, da kuma barazanar ƙungiyar Ku Klux Klan a 1981, har kotu ta tsawata mata. A waƙar, tsohon soja ya yi kwanton-ɓauna da wuƙa don ɗaukar fansa, amma da lokaci ya yi sai ya mayar da ita aljihu. Wannan ne wuri guda a faifan inda mutum ya sami zaɓi kuma ya zaɓi alheri.

5.0 Salo da Sarrafa Harshe

Darajar faifan ta farko ita ce kiɗan ya ja da baya ya bar wa magana fili. Mafi yawan waƙoƙin jita ce da murya ƙasa-ƙasa, wasu da ɗan goge ko sarewar baki, kuma amshi bai yawaita ba. Bayan abin da ya faru a 1984, wannan zaɓi yana da ma'ana: babu wanda zai iya ɗaukar waɗannan waƙoƙi zuwa dandalin siyasa ya yi rawa da su.

Ta biyu ita ce ginin waƙa a kan labari. Mawaƙin bai yi wa'azi ba, kuma bai yi zambo ga wani shugaba da suna ba. Yakan kawo mutum da sunansa, da garinsu, da sana'arsa, da abin da ake biyan sa, ya bar hukunci ga mai sauraro. Sunayen wurare na gaskiya, da kalmomin sana'ar ƙarfe, da kalmomin Sifaniyanci da ya aro, su suka ba waƙoƙin ƙamshin shaida. Ya ma jera littattafai da rahotannin jaridar Los Angeles Times da ya dogara da su a jikin faifan, abin da ba a saba gani ba ga mawaƙa.

Ta uku ita ce waƙar rufewa, My Best Was Never Good Enough, wadda aka gina da jerin karin magana da maganganun ba da haƙuri da suka gaji a bakin jama'a. Zuwanta bayan labarai 11 na wahala ya mayar da ita gatse ga masu magance talauci da fatar baki.

Faifan yana da rauninsa. Karin muryar waƙoƙi da dama ya yi kama da juna, wasu baitocin sun fi kusa da zube, kuma wanda bai riƙe rubutun a hannu ba kan rasa wasu kalmomi. Wannan ya rage masa masu sauraro. Sai dai ƙungiyar Rage Against the Machine ta sake rera waƙar da faifan ya ci sunanta da kiɗa mai zafi a 1997, wanda ya nuna cewa baitocin suna iya tsayawa a wani kiɗan.

6.0 Kammalawa

Tarihi ya gaskata faifan a manyan jigoginsa biyu. Mutanen Youngstown sun ci gaba da raguwa zuwa kimanin 60,000 a ƙidayar 2020, kuma batun iyaka da na garuruwan da masana'antunsu suka mutu su suka mamaye zaɓen shugaban ƙasa na 2016. Ga masu nazarin waƙar baka akwai abin lura a nan. An saba keɓe sunan waƙar siyasa ga waƙoƙin jam'iyyu, irin na NEPU da NPC a shekarun 1950. Faifan Springsteen yana nuna cewa akwai wata siyasar da ke ɓoye cikin bayanin rayuwar ɗan ƙwadago, irin wadda ake ji a Waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. Ya kamata rabe-raben jigo su ba irin wannan waƙa gurbinta.