Ambaliyar Guri ba daga sama kawai take zuwa ba

Jama'a, duk shekara idan ruwa ya cinye gonakinmu a Guri da Kirikasamma, sai ka ji ana cewa damina ce ta yi ƙarfi. Haka ne, amma ni dai ina ganin labarin ya faro tun 1974, shekarar da aka kammala dam ɗin Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, ana tsakiyar raɗaɗin farin da ya addabi Arewa. A 1992 kuma aka ƙara na Challawa.

Kafin nan, kogin Haɗeja yana da lokacinsa. Ruwa ya zo da ƙarfi a Agusta da Satumba, ya malale fadama, ya share yashin da ya taru a hanyarsa. Da rani ya janye. Manomi ya girbe shinkafa, ya bi danshin da wake, masunci ya kama kifi, sannan Bafulatani ya shigo da shanu su ci ingirici. Fili ɗaya, kowa da lokacinsa.

Da aka tare ruwan, sai ya koma ana sakinsa kaɗan-kaɗan har da rani. Ruwan da ba shi da ƙarfi ba ya kwashe yashi, ga kuma danshi ba yankewa. To abin da kacalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, rafin Burum Gana ya cushe, ruwan ya karkata ta Marma ya nufi Nguru. Shi ya sa wani gari ke cikin ruwa wata da watanni, maƙwabcinsa kuma na kukan fari. Kar ma a yi maganar jan baki da ke kwana a cikin kacallar nan, gari na wayewa su sauka a kan shinkafa da gero.

Anan ne fa nake so mu duba rikicin manoma da makiyaya da idon basira. Ƙasar da ake amfana da ita ta ragu, mutane sun ƙaru, noman rani ya hana shanu sauka inda suka saba, an nome burtali. Ba ina wanke wanda ya zubar da jini ba ne, wallahi a hukunta shi ko wane ne. Amma tura jami'an tsaro kaɗai ba zai buɗe rafi ba.

A 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Yobe da Bauchi da Borno da Filato, sun zauna a Damaturu suka kafa asusun kula da wannan kogi. Duk da haka mun ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi mana.

Tambayata ga wakilanmu da Hukumar Kogin Haɗeja-Jama'are: idan ana tsara lokacin sakin ruwa daga Tiga da Challawa, wa ke zama a madadin mutanen Guri?