Zango na Uku na Wasan Dallas (1979-1980) da Tambayar Wa Ya Harbi J.R.

Manufar wannan maƙala ita ce waiwayen zango guda na wani wasan kwaikwayo na talabijin, watau zango na uku na Dallas, wanda gidan talabijin na CBS ya nuna a Amurka daga Satumba 1979 zuwa Maris 1980. Mai yiwuwa ne wani ya ce me ya haɗa manazarci da labarin attajiran da ba su da aiki sai cin amanar juna. Dalili shi ne wannan zango ya sauya yadda ake tsara wasannin dare a Amurka, kuma a kansa ne masana suka daɗe suna jayayya game da abin da wasan wata ƙasa ke yi wa masu kallo na wata ƙasar.

An fara nuna Dallas ran 2 ga Afrilu 1978. David Jacobs ne ya ƙago shi, kamfanin Lorimar ya shirya. Labarin gidan Ewing ne, masu kamfanin man fetur da makekiyar gonar shanu mai suna Southfork a jihar Teksas. Maigida shi ne Jock, uwargida Miss Ellie, sai 'ya'yansu J.R. da Bobby da ke zaune tare da su, kowa da matarsa. Da farko an yi nufin labarin ya tsaya a kan auren Bobby da Pamela, 'yar gidan Barnes, waɗanda ke da tsohuwar gaba da gidan Ewing. Amma ba a je ko'ina ba sai babban wa, J.R., wanda Larry Hagman ya fito a matsayinsa, ya mamaye wasan. Mugu ne mai fara'a, yana cuta yana murmushi, masu kallo kuwa suka ƙi shi, suka kuma kasa ɗauke ido daga kansa.

Kafin wannan lokaci, wasanni masu labari mai ci gaba galibi da rana ake nuna su domin matan gida, kuma kamfanonin sabulu ne suka ɗauki nauyinsu tun zamanin rediyo a shekarun 1930, abin da ya sa Turawa suka laƙaba musu sunan wasan sabulu. In ban da Peyton Place (1964-1969), wasannin dare kusan duk kowace fitowa tana ƙare labarinta ne a daren. Shi ma Dallas haka ya fara. A zango na biyu ne aka soma jan zaren labari daga mako zuwa mako, a na uku kuwa tsarin ya kankama sosai.

Abubuwa da yawa sun faru a fitowa 25 na zangon. An yi wa Miss Ellie aikin cire mama saboda ciwon daji, rawar da ta jawo wa Barbara Bel Geddes lambar Emmy a 1980. An gurfanar da Jock bisa wani tsohon kisa, har Digger Barnes ya amsa laifin yana kan gargara. Amma ƙashin bayan zangon shi ne cinikin rijiyoyin mai na wata ƙasa a Asiya. J.R. ya jinginar da Southfork ba da sanin iyayensa ba, ya zuba kuɗin a rijiyoyin, mai ya fito. Da ya ji ƙishin-ƙishin cewa juyin mulki na tafe kuma sabuwar gwamnati za ta ƙwace rijiyoyin, sai ya yi maza ya sayar wa abokan cinikinsa mafi yawan hannun jarinsa. Suka tafka asara, har ɗaya daga cikinsu ya kashe kansa.

A nan ya kamata mu dakata, domin marubutan ba daga sama suka tsinci wannan labari ba. Amurkawa ba su manta da takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973 ba, ga shi kuma juyin juya halin Iran na 1979 ya sake jawo dogayen layuka a gidajen mai. Tun 4 ga Nuwamba 1979 ake tsare da ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a Tehran. Ƙwace kadarorin kamfanonin mai kuwa abu ne da aka saba ji a lokacin, ko Nijeriya ma a 1979 ta karɓe na kamfanin BP. Bugu da ƙari, birnin Dallas yana da gidan attajiran mai na gaske, watau gidan Hunt. A 1973 gwamnatin Gaddafi ta ƙwace kason Nelson Bunker Hunt a filin mai na Sarir da ke Libiya. Daga baya shi da ƙaninsa Herbert suka shiga tara azurfa, har farashinta ya tashi daga wajen dala 6 a farkon 1979 zuwa kusan dala 50 a Janairu 1980. Ran 27 ga Maris 1980 kasuwar ta rushe musu, kwana shida kacal bayan an harbi J.R. a talabijin. A ganina wannan ne ya ba zangon ƙarfinsa: mutumin da ya wuni a layin mai, da dare yana iya zama ya kalli irin mutanen da yake zargi da cin moriyar wahalarsa, ya ga kuma gidansu babu kwanciyar hankali.

Harbin kansa ba ya cikin shirin farko. CBS ce ta nemi a ƙara fitowa a ƙarshen zangon saboda kasuwar da wasan ke yi, marubuta suka rasa abin da za su rufe da shi, suka yanke shawarar a harbi J.R., a bar maganar wanda ya yi harbin sai daga baya. A fitowar 21 ga Maris 1980 an ga J.R. shi kaɗai a ofis da dare, ya ji motsi ya fito, aka ɗirka masa harsashi biyu. Kusan kowa a wasan yana da dalilin yin haka: matarsa Sue Ellen da yake barazanar mayarwa asibitin mashaya, Cliff Barnes, ma'aikacin banki Vaughn Leland, lauya Alan Beam, da Kristin Shepard, ƙanwar matarsa kuma farkarsa. Dabarar yanke labari a daidai inda ya yi daɗi tsohuwa ce, da ita Shaharzad ta tsira da ranta a Dare Dubu da Ɗaya. Sabon abu shi ne tsawon jiran, domin wata takwas cur aka yi.

Abu biyu ne suka ja lokacin. Hagman ya gane cewa wasan ba ya tafiya sai da shi, ya tafi Landan ya ƙi komawa aiki sai an ƙara masa kuɗi, aka kuwa ƙara. Sa'an nan 'yan wasan Amurka suka shiga yajin aiki daga Yuli zuwa Oktoba 1980. A tsakanin nan tambayar ta bazu. Aka buga ta a riguna, gidajen caca a Ingila suka karɓi kuɗin masu canka, mujallar Time ta sa hoton Hagman a bangonta cikin Agusta. Shekarar zaɓe ce, magoya bayan jam'iyyar Republican suka yi bajo mai cewa ɗan Democrat ne ya yi harbin. Don kada asiri ya tonu, aka ɗauki hoton 'yan wasa da dama kowa yana harba bindigar.

Ran 21 ga Nuwamba 1980 aka bayyana cewa Kristin ce. An ƙiyasta mutum miliyan 83 suka kalla a Amurka, watau kashi 76 cikin 100 na akwatunan talabijin da ke kunne a lokacin. Babu fitowar wani wasa da ta taɓa kai haka, kuma ba a wuce ta ba sai a 1983 da fitowar ƙarshe ta M*A*S*H. Ana yawan maimaita labarin cewa majalisar dokokin Turkiyya ta ɗage zama don wakilai su je kallo. Wannan akwai abin dubawa a cikinsa, tun da sojoji sun rushe majalisar ran 12 ga Satumba 1980, fiye da wata biyu kafin a nuna fitowar a ko'ina. Dallas, wanda ya zo na shida a yawan masu kallo a zango na uku, ya zama na ɗaya a na huɗu. ABC ta fito da Dynasty a Janairu 1981, CBS ta ƙara Falcon Crest a Disamba, rufe zango da tambaya kuwa ya zama al'ada.

Da wasan ya game duniya sai jayayya ta tashi. A 1982 ministan al'adu na Faransa, Jack Lang, ya yi kakkausar suka ga mamayar al'adun Amurka a taron UNESCO a birnin Meziko, masu wannan ra'ayi kuwa Dallas ne misalinsu na kullum. Ien Ang ta bi ta wata hanya dabam. Ta sa talla a wata mujallar mata a Holan, ta sami wasiƙu 42, ta gano cewa masu son wasan sun san dukiyar ƙarya ce, abin da suke ɗauka gaskiya shi ne kishi da ɓacin rai da rikicin cikin gida. Elihu Katz da Tamar Liebes kuwa, a binciken da suka buga a littafi a 1990, sun zauna da rukunonin masu kallo a Isra'ila da Amurka da Japan, inda wasan bai karɓu ba har aka janye shi bayan 'yan watanni. Yahudawan da suka yi hijira daga Rasha sun fi neman saƙon siyasar da ke ɓoye a ciki. Larabawa sun fi auna halayen 'yan wasan da ma'aunin mutunci da zumunci. A wata fitowa ta baya Sue Ellen ta ɗauki ɗanta ta gudu gidan tsohon masoyinta da mahaifinsa, amma da aka ce wani rukuni na Larabawa su maimaita labarin, sai suka ce gidan ubanta ta tafi, watau yaji ta yi.